Sanyin Hunturu da Tsohuwar Jif: Yadda Inji Ke Cinyewa Tun Kafin a Bar Ƙofar Gida

Duk wanda ke zaune a unguwannin ma'aikata a Kano ko Zariya ko Jos ya san irin kiɗan da ake tashi da shi daga ƙarshen watan Nuwamba zuwa Fabrairu. Da an idar da sallar Asuba, gari na lulluɓe da hazo, sai ka ji wani maƙwabci ya murza makullin motarsa, ya take totur har ƙasa sau uku ko huɗu, kai ka ce tashi sama zai yi. Wani kuma ya tayar da tasa ya bar ta tana ruri a tsaye, ya koma ciki ya sha shayi, ya shirya yara, sai bayan rabin awa ya fito. Dukansu biyu sun yi imani cewa alheri suke yi wa motar, wai suna ɗumama ta. Gaskiyar magana kuwa kowannensu yana rage wa injinsa kwana, sai dai kowa da hanyar da ya bi.

Na zaɓi in yi magana a kan tsofaffin manyan motocin alfarma da muke kira jif, irin su Lexus RX da GX, da Land Cruiser Prado, da Mercedes-Benz ML, da Range Rover, domin su ne suka cika harabar jami'o'inmu da sakatariyoyi da asibitoci. Mafi yawansu sun iso mana ta Kwatano ko Legas bayan sun yi shekara goma ko fiye suna yi wa wasu hidima a Amurka ko Kanada. Da yawa daga cikinsu agogon tafiyarsu da mil yake lissafi, kuma mil ɗaya ya haura kilomita ɗaya da rabi. Motar da ta nuna mil 200,000 ta ci kusan kilomita 322,000 ke nan, wato kamar ta kewaye duniya sau takwas. Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin man fetur, aka kuma saki darajar naira a watan Yunin da ya biyo baya, ma'aikacin da ya sayi irin wannan mota shekarun baya ya san albashinsa ba zai sake saya masa kamarta ba. Wadda ke hannunsa ita ce dukiyarsa, ita ce motar kai yara makaranta, ita ce ta kai mara lafiya asibiti cikin dare. Ke nan lafiyar injinta magana ce ta tattalin gida.

Ni ma da kuɗina na sayi wannan darasi. Wata safiya ta watan Janairu, ina ɗauke da iyalina a kan hanyar Zariya zuwa Kaduna, sai jan fitilar baƙin mai ta kama, na ce bari in lallaɓa in kai gari na gaba. Ban kai ba. Da aka janyo motar aka buɗe injin, abin da muka tarar a ciki ya fi kama da kwalta. Dattijon makaniken da ya buɗe ya lakato shi da yatsa ya nuna mini, ya ce, "Dakta, ai wannan injin ba yau ya fara mutuwa ba. Kullum da safe ake yankar sa kaɗan-kaɗan." Na ce, "Baba, ai ban taɓa fashin juye ba." Ya yi murmushi ya ce, "Juyen me kake zubawa, kuma wa ya cire maka tamostat?" Na rasa amsa, domin da izinina aka cire, kuma da bakina na ce a riƙa zuba mini mai mai kauri. Albashin wata da watanni ya tafi a wannan gyara, dalilin da ya sa na koma na karanci abin da ya kamata in sani tun farko.

Abin da ke faruwa a cikin inji da asuba

A cikin inji akwai ƙarafa da ke juyawa a cikin junansu sau dubbai a minti ɗaya. Ratar da ke tsakanin kiranshaf da mital ɗin da yake kwance a kai ba ta kai kaurin silin gashin kai ba. Abin da ke hana su cin juna shi ne wani siririn shimfiɗin baƙin mai da ke shiga tsakani, ya ɗaga ƙarfe daga kan ƙarfe. Wani injiniya ɗan Ingila mai suna Beauchamp Tower ne ya gano wannan a gwaje-gwajensa na 1883, sannan Osborne Reynolds ya fitar da lissafinsa a 1886. Matuƙar wannan shimfiɗi yana nan, ƙarafan kusan ba sa taɓa juna, shi ya sa inji kan yi tafiyar Kano zuwa Maiduguri ba tare da ya ci wani abin kirki daga jikinsa ba.

Matsalar tana zuwa ne idan mota ta kwana. Cikin dare mafi yawan man yakan tsiyaye ya koma kwanon da ke ƙasan inji. Da safe idan aka murza makulli, sai famfon mai ya zuƙo shi, ya tura shi ta cikin matata, ya bi ta ƙananan hanyoyi har ya kai saman inji. A 'yan daƙiƙun nan, ƙarafan suna aiki ne da ɗan abin da ya rage a jikinsu tun jiya. Iya kaurin man, iya jinkirin isarsa.

Duk uwargidan da ta taɓa ƙoƙarin tsiyayar manja daga kwalba da sanyin safiya ta san sauran bayanin. Mai yana yin kauri idan ya yi sanyi, ya tsinke idan ya ji zafi. An ƙera inji ne ya yi aiki a wajajen digiri 90 a ma'aunin Salshiyos. Baƙin mai samfurin 5W-30, idan yana digiri 40, ya ninka kaurinsa na digiri 100 kusan sau shida, idan kuwa ya sauko digiri 10, ninkin ya haura ashirin. To a Kano, asubar Disamba da Janairu takan sauko wajajen digiri 12 ko 13, a Jos kuma takan yi ƙasa da 10.

Akwai abu na biyu. Fistin na alminiyon ne, kuma alminiyon yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na yadda baƙin ƙarfe ke buɗewa. Masu ƙira sun auna shi ne yadda zai zauna daram a cikin silinda bayan ya ɗauki zafi. Kafin nan yana da ɗan sako-sako, a tsohon injin da ya riga ya zaizaye kuwa sako-sakon ya fi yawa.

Abu na uku shi ne wanda aka fi mantawa da shi. Fetur ba ya saurin zama tururi a cikin inji mai sanyi, don haka kwamfutar mota takan ƙara yawan wanda ake fesawa. Rarar da ba ta ƙone ba tana wanke man da ke jikin bangon silinda, ta zarce ƙasa ta gauraya da baƙin mai ta tsinka shi. Haka kuma duk litar fetur ɗaya da aka ƙona tana haifar da ruwa kusan lita guda. Idan inji ya yi zafi, ruwan yakan fice ta salansa a matsayin tururi. Idan da sanyi, wani sashe nasa yakan kwanta a jikin ƙarfe kamar raɓa, ya haɗu da hayaƙi ya zama ruwa mai cin ƙarfe. Wannan ne ya sa masana inji suka daɗe da yarda cewa kaso mai tsoka na zaizayewar inji yana aukuwa ne tsakanin murza makulli da lokacin da ya kai cikakken zafinsa.

Wani zai ce ai sanyinmu wasan yara ne idan aka kwatanta da na ƙasashen da motocin suka fito. Haka ne. A wasu sassan Kanada sai an jona inji da lantarki ya kwana yana shan ɗumi kafin ya tashi da safe, mu kuwa ba mu da buƙatar wannan. Amma a wurin injin da aka yi domin digiri 90, digiri 12 sanyi ne sosai. Sannan mu muna da wasu abubuwa uku da suke ƙara wa sanyin namu dafi: ƙurar hunturu, da jabun mai, da wasu al'adun gareji da suka zama mana jiki.

Karanta lambar da ke jikin galan

Lambobin nan da ake gani a jikin galan, kamar 5W-30 ko 20W-50, tsari ne na ƙungiyar injiniyoyin motoci ta Amurka, SAE. Lambar farko mai harafin W tana nuna yadda man ke gudana cikin sanyi, kuma harafin daga kalmar hunturu ta Ingilishi aka ɗauko shi. Iya ƙanƙantar lambar, iya saurin gudanarsa da safe. Ana gwada mai 5W a digiri 30 ƙasa da sifili, 10W a 25, 20W kuma a 15 ƙasa da sifili. Lamba ta biyu tana nuna kaurinsa bayan inji ya yi zafi, a digiri 100. Saboda haka 5W-30 da 10W-30 kaurinsu ɗaya ne a kan hanya, da asuba ne suke rabuwa.

A garejinmu akwai wata magana da ta zama kamar doka, wai tsohon inji sai mai mai kauri, mai ruwa-ruwa kuwa na ƙasar Turawa ne. Da wannan hujja ake ɗura 20W-50, ko ma man da ake aunawa daga durom a bakin titi, a cikin injin da littafinsa ya ce 5W-30. Maganar tana da asali, domin a zamanin Peugeot 504 da makamantanta injuna suna da rata mai faɗi, kuma mai mai kauri ya dace da su. Injunan waɗannan jif dabam suke. Ɗauki Lexus RX 350 ƙirar 2007 zuwa 2009, mai inji 2GR-FE, silinda shida, lita uku da rabi. Kamfanin ya ce a zuba mata 5W-30. Injin yana da tsarin VVT-i, wanda ke amfani da matsin baƙin mai wajen sauya lokacin buɗewa da rufewar bawul, kuma man yana bi ne ta ƙananan ƙofofi masu rariya. Abin da ke ɗame sarƙar taimin ma da matsin mai yake aiki. Mai 20W-50 ya ninka 5W-30 kauri fiye da sau biyu ko a digiri 40, balle da sanyin asuba. Idan ya yi jinkirin isa, sai ka ji wannan ƙarar kaca-kaca ta daƙiƙa biyu ko uku da wasu ke ɗauka gaisuwar safiya ce. Ƙarfe ne ke kuka.

Ba na musun cewa injin da ya tsufa ƙwarai, yana shan mai, kuma yana aiki a zafin Afrilu na Sakkwato ko Maiduguri, zai iya amfana da ƙarin kauri kaɗan. Hanyar hikima ita ce a ƙara lamba ta biyu da mataki guda, a bar ta farko a ƙasa, misali daga 5W-30 zuwa 5W-40, idan littafin motar bai hana ba. Ta haka an samu kauri a lokacin zafi ba tare da an rasa saurin gudana da safe ba. Akwai kuma man da ake yi musamman domin motocin da suka haura mil 75,000, wanda ke ɗauke da sinadarin da ke tausasa robobin da suka bushe, ya rage yoyo. Yana taimakawa, amma ba ya mayar da ƙarfen da ya riga ya cinye.

Bayan kauri, a duba daraja. Cibiyar man fetur ta Amurka, API, tana sa wa mai haruffa: SN ya fito a 2010, SP a 2020, kuma sabon yakan wadatar a inda aka nemi tsohon a injin fetur. Motocin Jamus suna da nasu sharaɗin, kamar MB 229.5 da Mercedes-Benz ke nema a yawancin injunanta na fetur na wancan zamani. Duk wannan ba shi da amfani idan abin da ke cikin galan jabu ne. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, ta sha kama jabun baƙin mai a kasuwanninmu. A saya daga dillalin da aka sani, a duba hatimin murfi, a tsaya a ga an fasa galan an zuba a gaban ido, sannan a huda galan ɗin kafin a bar shi, domin da irinsa ake sake cikawa a sayar wa wani.

Matatar mai, wadda muke kira filta, ita ma ba abin rainawa ba ce. A cikin yawancinsu akwai wata 'yar roba da ke hana mai komawa ƙasa idan an kashe mota. A filta ta jabu robar takan taurare ko ta ƙi rufewa, sai kullum da safe inji ya tashi a bushe. Araha ba ta ado, a nan kuwa har kashe inji take yi.

Yaya ake ɗumama mota?

Amsar gajera ce. Ka murza makulli ba tare da ka taɓa totur ba. Ka jira fitilar mai ta mutu, ka ba shi rabin minti zuwa minti ɗaya, gwargwadon lokacin da za ka ɗaura bel ka yi addu'ar fita. Sannan ka tashi a hankali, ka yi minti biyar zuwa goma na farko ba tare da allurar juyin inji ta haura wajajen 2,500 ba, ba fizga, ba tsere da kowa. Ka tuna cewa baƙin mai ya fi ruwan lagireto jinkirin ɗaukar zafi, don haka ko allurar zafi ta kai tsakiya, ƙara masa 'yan mintoci kafin ka buɗe masa wuta a babban titi.

Mai take totur da asuba yana tilasta wa ƙarafa gudu a daidai lokacin da man bai gama isa gare su ba, laifinsa a bayyane yake. Mai barin mota a sulo na rabin awa kuwa, nasa laifin a ɓoye yake. Injin da ke juyawa ba kaya yana ƙona fetur kaɗan ne, don haka yana daɗewa bai yi zafi ba, ya daɗe a cikin yanayin nan na rarar fetur da raɓa da muka bayyana. Tafiya a hankali ta fi saurin kai shi zafinsa, sannan tana ɗumama giya da sauran sassan da tsayuwa ba ta taɓa su. Al'adar doguwar ɗumamawa gadon zamanin kafireto ce, lokacin da mota kan mutu a hanya idan ba ta yi zafi ba. Motar da kwamfuta ke auna mata fetur ba ta buƙatar haka, kuma da tsadar fetur ta yau, asarar ta zama biyu.

Batir ma yana da hannu. Sanyi yana rage masa ƙarfi a daidai lokacin da inji ya fi nauyin juyawa. Motar da sai an yi ta murzawa kafin ta kama tana tara ɗanyen fetur a silinda. A gwada batir da filogi tun watan Oktoba.

Tamostat: ɗan ƙaramin abin da muke jefarwa

Idan da za a tambaye ni al'ada ɗaya da ta fi kowace cutar da injuna a ƙasar nan, zan ce cire tamostat. Da mota ta iso daga Kwatano, abin da ake fara yi mata a gareji da yawa shi ne a zare shi a jefar, a haɗa fanka kai-tsaye ta riƙa juyawa daga murza makulli, wai ƙasarmu da zafi. Tamostat ƙofa ce da ke tsare ruwa a cikin inji har sai ya yi zafi, sannan ta buɗe ya tafi lagireto. A yawancin injunan Toyota da Lexus na wancan zamani tana fara buɗewa a wajajen digiri 82. Idan ta buɗe, ruwa yana wucewa yadda ake buƙata, don haka lafiyayyen tamostat ba ya sa mota zafi ko a Afrilu.

Idan aka cire shi, ruwa yana zagayawa ta lagireto tun daga daƙiƙar farko, ga fanka tana hura masa iskar hunturu. Injin da ya kamata ya kai zafinsa cikin 'yan mintoci sai ya yi tafiyar gida zuwa ofis bai kai ba. Kwamfuta tana ganin sanyi, tana ci gaba da ƙara fetur. Ma'ana, an mayar da sanyin asuba ya zama yanayin injin na dindindin: fetur na tafiya, bangon silinda na wankewa, ruwa na taruwa a cikin mai. Mota idan tana zafi, akwai dalili, ko lagireto ya toshe, ko famfon ruwa ya gaji, ko murfin lagireto ya saki, ko fanka ba ta tashi a kan lokaci, ko kuma tamostat ɗin ne ya maƙale, sai a sa sabo. Ruwa ba ya tsami banza. Duk wanda aka cire wa, ya mayar kafin sanyin bana ya kankama, a kuma mayar da fanka kan tsarinta na asali.

Haka zancen ruwan lagireto. Gaskiya ne ruwa ba ya daskarewa a Kano, amma ruwan kulan da kamfani ya tanada yana da wasu ayyukan: yana hana tsatsa, yana kare alminiyon, yana ɗaga matakin tafasa. Ruwan rijiya ko na burtsatse yana barin farin gishiri irin wanda ake gani a gindin butar shayi, ya toshe hanyoyin lagireto a hankali. Daga nan mota ta fara zafi, daga nan a ce tamostat ne, a cire. Da haka kuskure ɗaya ke haifar da wani.

Ƙurar da muke shaƙa, inji ma yana shaƙa

Hazon hunturu ƙura ce da iskar arewa maso gabas ke kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi. Domin ƙona litar fetur ɗaya, inji yana zuƙar iska wajen lita 9,000. Duk ƙurar da ke cikin wannan iska, abin da ke tsakaninta da silinda takarda ce guda, wato matatar iska. Ƙwayar yashi ta fi ƙarfen inji tauri, idan ta shiga ta haɗu da mai sai ta zama kamar sanfefa, ta ci zoben fistin da bangon silinda.

Abin da aka saba shi ne a kai wa mai faci ya hure matatar da iska mai ƙarfi. Takan fito fes a ido, amma iskar tana iya yaga ƙananan ƙofofin takardar, ƙura ta samu hanya. A lokacin hunturu a riƙa duba ta duk bayan mako biyu ko uku, a kakkaɓe ta a hankali, idan ta yi baƙi a sauya. A kuma duba robar da ta taso daga akwatin matata zuwa inji, domin a tsohuwar mota takan tsage ta ƙasa inda ido ba ya gani, kuma duk iskar da ta shiga ta nan ba a tace ta ba.

Gajeriyar tafiya da lokacin juye

Da yawa daga cikinmu motarmu ba ta wuce gida, makarantar yara, ofis, masallaci. Muna ganin hutu muke ba ta. A wurin inji kuwa wannan ne aiki mafi wahala, domin ana kashe shi kafin ya yi zafin da zai kore ruwa da fetur daga cikin mai. Littattafan motocin da kansu sun ware abin da suka kira yanayi mai tsanani, suka lissafa hanya mai ƙura, da yawan gajerun tafiye-tafiye, da daɗewa a sulo. Wannan kuwa siffar rayuwarmu ce ta kullum. A irin wannan yanayi Toyota ta sa juye a duk mil 5,000, wato kimanin kilomita 8,000, ko wata shida, duk wanda ya riga zuwa. Ni a ra'ayina, ga tsohon inji a cikin ƙurarmu, kilomita 5,000 ya fi kwanciyar hankali, kuma a daidaita juye ɗaya ya faɗo a farkon Nuwamba domin a shiga sanyi da sabon mai. Sau ɗaya a mako kuma a ba motar tafiyar rabin awa a buɗaɗɗen titi.

Mai da ya daɗe yana haɗuwa da ruwa da zafi shi ke zama wannan baƙin danƙo da na gani a injina. Ba a nan kaɗai ake fama da shi ba. A Amurka, korafin taruwar irin wannan danƙo a wasu injuna, ciki har da 1MZ-FE da ke cikin RX 300, ya kai ga ƙarar haɗin gwiwa da Toyota ta sasanta a 2007. Da yawa daga cikin waɗannan motoci suna kan titunanmu yau. Mai irinta ya sa a buɗe murfin saman inji a duba. Idan danƙon ya yi yawa, a guji zuba maganin wanke inji mai ƙarfi, domin yakan ɓamɓaro shi gaba ɗaya ya toshe rariyar famfon mai. Gara a sauke kwanon ƙasa a wanke da hannu, sannan a yi juye biyu ko uku kusa da kusa. A sauya ɗan bawul ɗin PCV, wanda ke fitar da tururi daga cikin inji, abu ne mai araha da kusan ba wanda ke tunawa da shi. Mai RX 330 kuma ya tuna cewa nasa injin da bel yake aiki, kuma ana sauya shi a mil 90,000.

Inji ba ya mutuwa bai yi magana ba. Farin tururi daga salansa da safe wanda ke ɓacewa bayan 'yan mintoci ruwa ne kawai, ba abin damuwa ba ne. Shuɗin hayaƙi a tashin farko alama ce ta mai na zurarewa cikin silinda. Farin kumfa kamar madara a ƙarƙashin murfin mai yana nuna ruwa, ko daga gajerun tafiye-tafiye ko daga gasket. A zaro sandar auna mai duk mako, da safe, a wuri mai daidai, a duba yawansa, a sansana ko yana warin fetur. Jan fitilar mai kuwa idan ta kama ana tafiya, a tsaya nan take a kashe inji. Kilomita biyar da na ce zan lallaɓa su suka ci mini inji.

Ba makanike kaɗai ke da laifi ba

Yana da sauƙi mu ɗora wa makanikai komai, amma adalci ya hana. Yawancinsu sun koyi sana'ar a hannun iyayen gidan da suka ƙware a kan motocin kafireto, kuma abin da suka koya daidai ne a zamaninsa. Motoci ne suka sauya ba a sauya musu karatu ba. Mu da muka yi boko, muke iya karanta littafin mota, mu ne muke jefa shi a aljihun gaba ba mu taɓa buɗewa ba, sannan mu matsa wa makanike ya sa mana mafi araha. Duk wanda ya zaga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ya ga tulin injunan da aka sauke, ya san yawan dukiyar da ke salwanta, kuma kowane injin da za a maye gurbinsu da shi da kuɗin waje ake shigo da shi.

A nan nake ganin jami'o'inmu da kwalejojin fasaha suna da bashin da ba su biya ba. Sassan koyar da injiniyanci za su iya haɗa kai da ƙungiyar makanikai ta NATA da hukumar bunƙasa harkar motoci ta ƙasa, NADDC, su riƙa shirya gajerun bitoci da harshen Hausa a cikin garejin kansu, a nuna wa mutum da ma'aunin zafi abin da cire tamostat ke yi. Makaniken da ya gani da idonsa ba zai sake cirewa ba, kuma yaransa goma za su tashi da wannan sani.

Kafin wannan ya samu, abin da ke hannun mai mota ba shi da yawa kuma ba shi da tsada: man da littafi ya ce, filta ta gaskiya, tamostat a mazauninsa, matatar iska mai tsabta, da haƙurin minti goma kowace safiya. Dattijon nan da ya buɗe injina, ranar da na je ɗaukar motar, ya riƙe makullin bai ba ni ba sai da ya ce, "Dakta, tsohuwar mota kamar tsoho ce. Ba a tashin sa daga barci a ce ya yi gudu." Shekaru ke nan ina bin wannan magana, kuma injin da ya ɗaura mini yana nan yana kai yara makaranta. Allah Ya kai mu ƙarshen sanyin bana lafiya, mu da ababen hawanmu.